Sidney Sime da Zuriyar Dodanninsa

A shekarar 1905 aka buga wani ɗan siririn littafi a birnin Landan mai suna The Gods of Pegāna. Wanda ya rubuta shi matashi ne ɗan shekara 27, basaraken ƙasar Ayalan, sunansa na yanka Edward Plunkett, amma an fi saninsa da sarautar gidansu, Lord Dunsany. A lokacin ba wanda ya san shi a fagen rubutu, don haka da kuɗin aljihunsa aka buga littafin. A ciki ya ƙago wata duniya da gumakanta na ƙage: akwai babbansu da ke sharar barci tun farkon zamani, akwai makaɗinsa Skarl da ba ya daina dukan ganga, don ranar da kiɗan ya tsaya mai barci zai farka, duniya kuma ta tashi. Irin wannan labari yana bukatar mai zanen da idonsa ke ganin abin da babu shi. Sai Dunsany ya nemi wani mutum da ya girme shi da fiye da shekara goma, wanda kuma asalinsu ya yi hannun riga.

Sidney Herbert Sime ɗan talakawa ne, haifaffen Manchester a 1865. Tun yana yaro aka tura shi ramin haƙar kwal, ya yi shekaru yana tura amalanke a ƙarƙashin ƙasa. Da ya fito daga ramin ya yi yaron shago a wajen mai sayar da yadi, ya taɓa aikin aski, ya yi sana'ar rubuta allunan shaguna, kafin ya samu shiga makarantar koyon zane ta Liverpool. A shekarun 1890 sunansa ya fara fitowa a mujallun barkwanci na Landan, irin su Pick-Me-Up da The Idler. Yana zana 'yan wasan dandamali, yana kuma zana hotunan shaiɗanu da fatalwowi da suka sa wasu masu karatu dariya, wasu kuwa suka ga rashin ta ido ne. Da ya ci gadon wani kawunsa, ya sayi mujallar The Idler a 1899, amma kasuwar ba ta karɓe shi ba, bai daɗe ba ya sayar. A 1904 ya tattara ya koma ƙauyen Worplesdon a yankin Surrey, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Wanda ya san wannan tarihi, in ya dubi zanen Sime zai ga duhun ramin kwal a cikinsa. Yawancin aikinsa baƙi da fari ne, tawada ce da ya tsinka da ruwa yake shimfiɗawa hawa hawa, har duhun ya yi kauri, sannan ya bar ɗan haske a wuri guda. Ya ɗauki darasi daga masu zanen Japan wajen barin fili a takarda da kuma karkata bishiya ko dutse yadda ido bai saba ba. Amma abin da ya raba shi da sauran masu zanen abin tsoro na zamaninsa shi ne halittunsa suna da hali. In ya zana dodo, za ka ga alamar yana jin yunwa, ko ya gaji, ko yana fushi da maƙwabcinsa.

Ba shi ya fara wannan ba, gidan ya tarar da shi a gine. Tun wajen shekarar 1125 wani babban malamin Kirista a Faransa, Bernard na Clairvaux, ya rubuta wasiƙa yana kukan yadda aka cika ginshiƙan gidajen ibada da sassaƙen halittu masu ban dariya: jiki ɗaya da kawuna da yawa, dabba mai wutsiyar maciji, kifi mai kan dabba. Damuwarsa ita ce masu ibada sun fi son tsayawa kallon duwatsun a kan karanta littattafansu. Kukan nasa ma shaida ne cewa abin yana jan ido. Bayan ƙarni kusan huɗu Hieronymus Bosch, mutumin ƙasar Holan da ya rasu a 1516, ya kai abin inda ba wanda ya taɓa kaiwa. A babban zanensa da ke gidan tarihi na Prado a Madrid akwai wani dodo mai kan tsuntsu zaune a kan doguwar kujera, ya kifa tukunya a ka, ya zura ƙafafunsa cikin tuluna, yana haɗiye mutane ɗaya bayan ɗaya. A wani zanen nasa da ke Lisbon, ga wata halitta mai dogon baki sanye da mazurari a matsayin hula, ta ɗaura takalman zamiya a kan ƙanƙara, ta cijo wasiƙa kamar ɗan aike. Mai kallo ba ya sanin ko ya yi dariya ko ya kau da kai, yakan yi duka biyun. A gabas ma akwai irin wannan hannu: cikin kundayen zane da ke fadar Topkapi a Istanbul akwai ayyukan da ake jingina wa wani mai zane da ake kira Siyah Qalam, na wajen ƙarni na 15, inda aljanu masu ƙaho da gashi a jiki suke rawa, suke kiɗa, suke kokawa, da mundaye a hannu da ƙafa. A Paris kuma, a 1565, mai ɗab'i Richard Breton ya fitar da littafin Les Songes drolatiques de Pantagruel, hotuna 120 na halittun da aka haɗa daga tukwane da makamai da gaɓoɓin mutum da na dabba, ba tare da labari ko ɗaya a ƙarƙashinsu ba.

Wanda ya fi kusa da Sime a zamani shi ne John Tenniel. A 1871 ya zana wa wani littafin yara na Lewis Carroll dodon nan Jabberwock: fikafikan jemage, dogon wuya, farata zaƙo-zaƙo, haƙora irin na zomo, sannan ga falmaran a jikinsa har da maɓallai. An so a sa hoton a shafin farko na littafin, amma Carroll ya ji tsoron kada ya firgita yara, ya nemi shawarar iyaye mata, a ƙarshe aka mayar da shi cikin littafi. Falmaran ɗin bai rage wa dodon ban tsoro ba. Ƙara masa ya yi, domin ya sa mai kallo tunanin cewa wannan halitta tana da gida, tana tashi da safe ta sa tufa.

Haɗin Sime da Dunsany ya ɗore a littattafai da dama: Time and the Gods a 1906, The Sword of Welleran a 1908, A Dreamer's Tales a 1910. Amma inda tarihin ya fi daɗi shi ne The Book of Wonder na 1912. Dunsany da kansa ya ba da labarin yadda aka yi a littafin tarihin rayuwarsa. Ya tarar da Sime yana ƙorafin editoci ba sa ba shi aikin da ya dace da hannunsa, sai ya ba shi shawarar a juya al'ada: Sime ya zana duk abin da ransa ke so, shi kuma zai zauna ya rubuta labarin da zai bayyana abin da ke cikin hoton. Haka aka yi. Labaran suka fara fitowa a mujallar The Sketch daga ƙarshen 1910, daga baya aka haɗa su littafi. A wannan karon mai zane ne a gaba, marubuci na biye, kuma a ganina shi ya sa dodannin littafin suka fi na kowane littafi nasa rai. Dunsany na farko mai harshe ne mai nauyi, irin na littattafan addini. Da ya koma bin sawun Sime, sai barkwancin mutumin Manchester ya shiga alƙalaminsa.

Ga misalin Gibbelins. Wasu halittu ne da ke zaune a wata hasumiya a ƙarshen duniya, abincinsu naman mutum. Sun tara dukiya maƙil a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ɗakin zumurrudu daban, ramin zinariya daban, ba don suna da amfani da ita ba, sai don ta riƙa janyo musu abinci har gida. In yunwa ta yi tsanani sukan fita su watsa jajayen duwatsu masu daraja a hanya har zuwa ƙofar wani gari, ba a jimawa rumbunsu ya cika. Wani barde mai suna Alderic ya yi nazarin duk waɗanda suka je ba su dawo ba, ya gane cewa ta ƙofa suke shiga. Shi sai ya hau wani dodo mai fikafikai da ya mallake, ya tsallake daji, ya fasa bangon hasumiyar daga gefen kogi don ruwa ya cika ɗakin zumurrudu, ya yi nutso ya cika jaka. Yana ɗago kai sai ga masu gida tsaye cikin ruwa iya ƙugu, riƙe da jiniya. Ba su ce masa uffan ba, suka rataye shi a bangon waje. Labarin ya ƙare a nan, cikin layi biyu. Abin dariyar da abin tsoron wuri ɗaya suke: dodannin ba su da wata ƙiyayya da mutum, masu tattalin gida ne kawai da suka san kwaɗayin abincinsu.

Akwai kuma gnoles. Wani gwanin ɓarawo mai suna Nuth, wanda ke ɗaukar sata a matsayin sana'a mai mutunci, ya ɗauki wani yaro Tonker almajirin aiki, suka nufi gidan waɗannan halittu cikin wani baƙin daji don kwaso manyan duwatsun zumurrudu. Hoton Sime ya nuna gidan, dogo siriri, tsaye cikin duhun bishiyoyi. Dunsany bai taɓa faɗin kamannin gnoles ba ko sau ɗaya. Abin da ya gaya mana shi ne sun huda kututturan bishiyoyi suna leƙe ta ciki, kuma da yaron ya hau tsani shiru ya yi yawa. Aka kama Tonker, Nuth kuwa ya tsaya a kusurwa yana kallo da ɗan mamaki, sannan ya sulale ya tafi gida. Wanda ya tashi da tatsuniyar Dodo a bakin kakarsa ya san wannan ɗanɗano: Dodon nan da ke haɗiye yarinya ɗungurungum shi ne kuma wawan da Gizo ke yi wa wayo, kuma yara ba su taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Sime yana da nasa dodannin da ba su jira marubuci ba. A 1905 ya yi wa The Sketch jerin hotunan dabbobin da ba a halitta ba amma da ma a ce an yi. A 1923 ya fitar da Bogey Beasts, littafin da ya zana halittun ya kuma rubuta musu waƙoƙi da kansa, abokinsa Joseph Holbrooke ya sa musu kiɗa. Ya yi wa marubuta Arthur Machen da William Hope Hodgson hotunan shafin farko na littattafansu. Sai dai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar littattafai masu tsadar hoto ta faɗi, shi ma ya janye jikinsa daga Landan. Ya rasu a 1941, duniya na tsakiyar wani yaƙin, ba a yi wani kururuwa ba. Matarsa Mary ta bar wa ƙauyen Worplesdon ayyukansa, aka buɗe musu ɗaki a zauren taron ƙauyen a 1956, suna nan har yau.

Kafin ya rasu irin da ya shuka ya riga ya tsiro a Amurka. Marubuci H. P. Lovecraft, mutumin garin Providence, ya fara karanta Dunsany a 1919, a shekarar kuma ya je Boston ya saurari laccarsa. A Maris na 1923 aka fara fitar da mujallar Weird Tales a Chicago, mai arha, a kan takarda mara kyau, ita ce ta zama gidan irin waɗannan labarai har 1954. Lovecraft ya ambaci sunan Sime a labarinsa "The Call of Cthulhu" da ya fito a 1928, ya kuma ambace shi a "Pickman's Model" na 1927, wanda labari ne kacokan a kan mai zanen dodanni. Pickman yana zana wasu halittu masu fuskar kare da ke cin gawa a maƙabartun Boston. Mutane sukan ɗauki Lovecraft marubucin da ba ya dariya, amma a dubi ɗaya daga hotunan da ya sa Pickman ya zana: taron waɗannan maciya gawa a cikin wani kabari, ɗaya na riƙe da littafin jagorar baƙi na birnin yana karanta musu inda aka binne manyan mawaƙa, sauran suna ƙyalƙyala dariya. A ƙarshen labarin aka gane ba daga tunani Pickman yake zanen ba, hoto ya ɗauka na abin da ya gani da ido.

A nan akwai matsalar da duk mai zanen irin wannan labari ke karo da ita. Marubuci yana iya cewa abin ya fi ƙarfin siffantawa, ya bar mai karatu da tunaninsa. Mai zane ba shi da wannan mafaka, dole ya yanke ido nawa, ƙafa nawa, baki ta ina. Da zarar an yanke, sai wani abin dariya ya leƙo. Lovecraft da kansa ya zana dodonsa Cthulhu a 1934 ya ba wani matashin abokinsa, R. H. Barlow. Halittar da a labari take haukata matuƙan jirgin ruwa, a takarda sai ga ta zaune a kan dutse ta yi tsugune, da ƙaton ciki, da 'yan fikafikai, da tarin gemu na igiyoyin nama. Masu zanen da suka yi ƙoƙarin ɓoye wannan ɓangare, suka cika hoto da haƙora da jini, yawancin aikinsu an manta da shi. Waɗanda suka rungume shi su ne ake nema har yanzu.

Babu wanda ya rungume shi kamar Clark Ashton Smith. An haife shi a 1893, ya yi mafi yawan rayuwarsa a wata bukkar katako a wajen garin Auburn na jihar Kalifoniya tare da tsofaffin iyayensa, yana tsinkar 'ya'yan itatuwa da saran itace don samun na abinci. Bai yi karatun sakandare ba, da kansa ya ilimantar da kansa, har ya koyi Faransanci. Mawaƙi ne tun asali, talauci ne ya tura shi rubuta wa mujallu labarai. Shi ya ƙago Tsathoggua, wanda ya bayyana a labarin "The Tale of Satampra Zeiros" a 1931: gunki mai siffar kwaɗo, jikinsa da gashi irin na jemage, ga tumbi, idanunsa a lumshe don barci. Babban halinsa lalaci. A wani labarin na 1934 an kawo masa wani mutum mai girman kai hadaya, ya ce ya riga ya ƙoshi, ya tura shi kyauta ga wani dodon. Haka aka yi ta miƙa wannan mai girman kai daga hannu zuwa hannu har sau bakwai, kowa na cewa ba shi da bukatarsa. A "The Door to Saturn" na 1932 kuma wani boka ya gudu zuwa wata duniya ya haɗu da ɗan'uwan Tsathoggua, wanda kansa ke reto a ƙarƙashin jikinsa a juye, ya furta wasu kalmomi da bokan ya ɗauka babban saƙo ne yana ta yawo da su, alhali cewa kawai ya yi a ba shi wuri.

Daga 1935, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, Smith ya rage rubutu ya koma sassaƙa. Yana samo duwatsu masu laushi a yankinsu, ya feƙe su da 'yar wuƙar aljihu, wasu ya gasa su a murhun girki don su yi tauri. Yawancinsu ba su wuce cika tafin hannu ba: kawuna masu kumburarrun idanu, leɓɓa masu kauri, hanci a murɗe. Ba aikin makaranta ba ne, kuma ba ya riya cewa shi ne. Wanda ya gan su zai zaci an tono su ne daga kufan wata al'umma da ta shuɗe. Kamfanin ɗab'i na Arkham House ya sa hotonsu a bangon littafinsa Lost Worlds a 1944. Ina ganin a wajen Smith ne abin da Sime da Dunsany suka raba tsakaninsu ya haɗu a hannu ɗaya, mai labarin shi ne mai sassaƙar, kuma bai ji kunyar cewa gumakansa suna da ban dariya ba.

Ita mujallar Weird Tales ba kullum take ba dodanni bango ba. A shekarun 1930 Margaret Brundage ce ke riƙe da bangon, kuma hotunan mata ne suka fi yawa, don su ke sayar da mujalla. Dodanni suna shafukan ciki. Virgil Finlay yana gina hotonsa da ɗige-ɗigen tawada dubbai, aikinsa kyakkyawa ne ƙwarai, har kyan yakan danne tsoron. Hannes Bok, wanda ya fara da mujallar a 1939, halittunsa suna da santsi da zagaye kamar an murza su da yumɓu, da manyan idanu masu ban tausayi. A mujallar Unknown, da ta rayu daga 1939 zuwa 1943, Edd Cartier ya cika shafuka da gajerun aljanu masu kumatu da murmushin mugunta. Amma magajin Sime na gaskiya shi ne Lee Brown Coye, mutumin jihar New York, wanda aka haifa a 1907. Ya yi aikin zanen gaɓoɓin jiki don koyar da likitoci, ya san ƙashi da jijiya, kuma da wannan sanin yake karya su. Mutanensa masu dogayen yatsu ne, da kawuna kamar dankalin da ya yamutse, da tufafin da suka yi musu yawa. Yakan watsa 'yan sanduna a ɗaɗɗaure cikin hotunansa, abin da ya ce ya samo daga wani kangon gida da ya taɓa gani a daji, har marubuci Karl Edward Wagner ya gina labarin "Sticks" a kansu a 1974. An ba Coye lambar World Fantasy ta gwanin mai zane a 1975, aka sake ba shi a 1978, shekara uku kafin rasuwarsa.

Su kuwa gnoles ba su tsaya inda Dunsany ya bar su ba. A 1951 marubuciya Margaret St. Clair ta aika musu da wani ɗan kasuwa mai tallar igiya, wanda ya haddace duk dabarun ciniki daga littafi. Cinikin ya faɗa, aka zo biya, sai ya hango wasu duwatsu biyu masu ƙyalli a kan kanta ya ɗauka a matsayin kuɗinsa, bai san idanun ajiya na mai gidan ba ne. Da igiyar da ya kawo talla aka ɗaure shi. Bayan haka, a 1974, wasan Dungeons & Dragons ya ɗauki sunan da ɗan canji ya zama gnoll, kuma a littafin Monster Manual na 1977 aka ba halittar kan kura, aka sa mata sulke da makami, aka rubuta yawan ƙarfinta da lambobi don 'yan wasa su san sara nawa zai kashe ta. Miliyoyin mutane sun san wannan kurar a yau, a wasannin tebur da na kwamfuta, kuma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa ganin siririn gidan da Sime ya zana.